Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga hukumomin lafiya da na ilimi na birnin New York: ku shigo da iyayen matasan Latino cikin maganar

Zuwa ga Kwamishinan Lafiya na birnin New York, da Shugaban Makarantun Gwamnati, da 'yan Majalisar Birni masu riƙe da kasafin kuɗi.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne a kan 'ya'yan maƙwabtana. Ni Bahaushiya ce mazauniyar Bronx, kuma mafi yawan masu haya a benen da nake ciki 'yan Latino ne, wato 'yan asalin ƙasashen Latin Amurka: 'yan Jamhuriyar Dominika, 'yan Meziko, 'yan Honduras, sai 'yan Benezuwela da Ekwado da suka iso a 'yan shekarun nan. Lif ɗaya muke hawa, a ɗakin wanki ɗaya muke bin layi, 'ya'yanmu aji ɗaya suke zama. Roƙona guda ne, kuma gara in faɗe shi tun daga farko. Duk shirin da birnin nan zai kashe wa kuɗi don hana matasan waɗannan baƙi kashe kansu, a gina shi da iyayensu a ciki, da harshen da iyayen ke ji, a lokacin da suka taso daga aiki, ba kuma tare da fargabar cewa zuwansu zai jawo a tasa ƙeyarsu ba.

Matsalar ta daɗe, kun fi ni sani. Tun 1991 CDC, cibiyar yaƙi da cututtuka ta gwamnatin tarayya, ke tambayar ɗaliban sakandaren Amurka duk bayan shekara biyu, kuma shekara da shekaru 'yan matan Latino ne suka fi farare da baƙaƙe yawan cewa sun yi yunƙurin halaka kansu. A binciken 2015, kashi 15 cikin 100 daga cikinsu suka ce sun yi hakan a cikin shekara guda, alhali na farare da na baƙaƙe yana wajen kashi 10. A aji mai 'yan mata 20, uku ke nan. Daga baya alƙaluman sauran 'yan matan sun hau har sun kamo nasu, kuma babu wanda zai kira wannan sauƙi, ciwon ne ya yaɗu: a 2021 kusan yarinya ɗaya cikin uku a sakandaren ƙasar nan ta ce ta yi tunanin kashe kanta da gaske. Samari kuwa ba su kai 'yan mata yawan yunƙuri ba, amma sun fi su mutuwa. Ku tuna kuma cewa fiye da rabin mutanen Bronx 'yan Latino ne, a faɗin ƙasar kuma kusan yaro ɗaya cikin huɗu nasu ne. Ba wani ɗan rukuni ne a gefe ba. Su ne suka cika ajujuwanku.

Farfesa Luis Zayas ya shafe shekaru yana zama da 'yan matan Latino a nan New York, su fiye da 200, wasunsu sun taɓa yin yunƙurin, wasu ba su taɓa ba, ya kuma saurari iyayensu. Abin da ya bambanta kashi biyun ba son dangi ba ne, duka suna riƙe da danginsu. Bambancin yana ga ko yarinya tana jin mahaifiyarta ta san abin da ke ranta, ita ma ta san na uwar. Inda wannan fahimtar junan ta yi rauni, nan haɗarin ya fi yawa. Kuma sau da yawa yunƙurin yakan biyo bayan rigima ce a gida, a kan saurayi, ko fita, ko sutura, ko dawowa da dare.

Duk wanda ya yi renon ɗa a ƙasar da ba tasa ba ya san irin wannan rigimar. Uwa ta fita tun da asuba, tana sharar ofisoshi ko kula da tsofaffi a gidajensu. Uba yana bayan gidan abinci yana wanke-wanke, ko yana kan keken kai saƙon abinci cikin sanyi, ko a wurin gini. Yarinya ta kama Turanci a cikin watanni, uwa kuwa shekaru sun wuce tana nan da 'yan kalmominta. To, wa zai karanta takardar mai gida idan ta zo da barazanar kora? Wa zai kira kamfanin wuta? Wa zai zauna gaban lauyan shige da fice ya fassara wa uba cewa shari'arsa ba ta da ƙarfi? Ita ce, 'yar shekara 13 ko 14. A waje an ɗora mata nauyin manya, ta dawo gida ta ɗora tukunya, ta yi wa ƙanne wanka, sannan a ce mata ita yarinya ce, ba za ta leƙa ƙofa ba, alhali yayanta ko ƙanenta namiji yana yawonsa har dare. A makaranta ana koya mata ta ɗaga kai ta faɗi ra'ayinta. A gida wannan ɗaga kan rashin kunya ne.

Ranar da ta yi ƙarfin hali ta ce ta gaji da rayuwa, amsar da takan samu ita ce: “Me kika rasa? Saboda ke na ratsa daji da ƙafa.” Kuma uwar ba ƙarya take yi ba. A 2023 kaɗai mutum fiye da 520,000 suka ratsa dajin Darién da ke tsakanin Kolombiya da Panama, kusan kashi ɗaya cikin biyar yara ne. Macen da ta ga gawa a bakin kogi, ta kwana da yunwa da goyo a baya, idan ta dubi 'yarta mai gado da makaranta da waya a hannu, da wuya ta gane me ake wa kuka. Sai ta ce nervios ne, wato ɗan tashin hankali a bakinsu, zai wuce, a yi addu'a, a dage. Ita kuwa yarinyar abin da ta ji shi ne baƙin cikinta butulci ne. Daga ranar sai ta kama bakinta, ta rufe ƙofar ɗaki, uwa kuma ta ɗauka an samu lafiya tunda rigima ta lafa.

Akwai kuma waɗanda aka bari a gida wurin kaka tun suna ƙanana, uwa ta zo nan tana aika kuɗi, ana gaisawa ta waya shekara bayan shekara. Binciken da Carola da Marcelo Suárez-Orozco suka yi a jami'ar Harvard ya gano kusan kashi 85 cikin 100 na yaran baƙin da suka bi diddiginsu sun taɓa rabuwa da uwa, ko uba, ko duka biyun, a kan hanyar hijira. Yaro ya iso yana saurayi, ya tarar da mijin uwa da ƙannen da bai taɓa gani ba. Kakar da ta raine shi, wadda ita ya sani a matsayin uwa, an baro ta can. Uwar tana jiran godiya da runguma, shi kuma yana makokin wadda ya baro, yana kuma riƙe da tambayar da bai iya furtawa: me ya sa kika tafi kika bar ni? Kowannensu yana da gaskiya, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da su ya taimaka musu su faɗa wa juna.

Ban yarda da masu cewa al'adar mutanen nan ce cutar ba. Riƙon dangin nan da ke matse yarinya, shi ne kuma yake sa inna ta hau jirgin ƙasa daga Queens da tsakar dare don an ce 'yar 'yar'uwarta ba lafiya. Arziki ne babba. Abin da ya rage shi ne a nuna wa masu shi yadda za su yi amfani da shi a kan ciwon da ba su san sunansa ba.

Na taɓa raka wata maƙwabciyata sashen gaggawa na wani asibiti, daren da 'yarta ta cutar da kanta. An karɓi yarinyar da sauri, an ceci ranta, kuma ina gode wa waɗanda suka yi aikin. Amma uwar a kan kujerar baranda ta kwana, da takalmin aikinta a ƙafa, tana murza carbinta mai gicciye. Da aka zo yi mata bayani, ƙanen yarinyar aka juya wa, yaron da bai gama firamare ba, aka ce ya faɗa wa mahaifiyarsa abin da yayarsa ta yi. Na ga yadda ya tsaya yana neman kalma, ya dubi ƙasa, ya faɗi rabin maganar ya haɗiye rabi. Da aka sallame su, an miƙa mata takardu da Turanci, da jerin lambobin wuraren da za ta kira. Ta ninke su ta sa a jaka. A cikin motar haya ta tambaye ni da guntun Turancinta abubuwa biyu: ko za a ƙwace mata 'yar, da kuma me ta yi mata. Ba a gaya mata ta kulle magungunan da ke gidan ba. Ba a gaya mata abin da za ta ce wa yarinyar da safe ba. Ita ce kuma za ta kwana da ita a ɗaki ɗaya a makonnin da likitoci da kansu suka ce sun fi kowane lokaci haɗari, wato makonnin farko bayan sallama.

Tun 2006 ƙa'idar jihar New York ta wajabta wa asibitoci samar da tafinta kyauta, ta kuma hana a sa yaron da bai kai shekara 16 ba ya yi tafinta sai da larura ta gaggawa. Dokar tana nan, a bi ta kawai. A kuma lura cewa ba duk ɗan Latino ne Sifaniyanci ke zama harshen uwarsa ba. A cikin maƙwabtanmu akwai masu jin Mixteco daga Meziko, da K'iche' daga Gwatamala, da Kichwa daga Ekwado, da Garifuna daga gaɓar Honduras. Uwa takan gyaɗa kai don kunya alhali rabin bayanin ya wuce ta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba daga wata ƙasa za ku aro maganin ba. Yawancinsa a birnin nan aka haife shi. A shekarun 1990 Mary Jane Rotheram-Borus da abokan aikinta sun gwada wani tsari a sashen gaggawa na wani asibitin New York da 'yan mata 140 da suka yi yunƙurin, mafi yawansu 'yan Latino. Abu uku suka yi. Sun horar da ma'aikata kan yadda ake karɓar irin waɗannan iyalai. Sun nuna wa uwa da 'ya wani gajeren fim mai salon wasannin talabijin ɗin nan da ake kallo a gidajensu kowane dare, wanda ke bayyana abin da zai biyo baya da dalilin komawa ganin likita. Sannan suka zaunar da su tare da mai ba da shawara tun kafin su bar asibitin. 'Yan matan da aka yi wa haka sun fi komawa jinya, kuma bayan wata 18 damuwarsu ta fi ta sauran sauƙi. Shekara kusan 30 ke nan da sanin wannan.

A nan Bronx, a asibitin Montefiore, Alec Miller da Jill Rathus suka ɗauki wata hanyar jinya ta tattaunawa da koyon sarrafa zuciya mai suna DBT, wadda aka tsara wa manya, suka gyara ta don matasa. Babban gyaran da suka yi shi ne sanya uwa ko uba a aji ɗaya da yaro, iyalai da dama a zaune tare, kowa na koyon yadda ake kwantar da zuciya idan ta tafasa, da yadda ake samun tsaka-tsaki tsakanin matsi da sakaci. Daga baya an gwada hanyar a Norway da kuma nan Amurka, aka ga tana rage cutar da kai a tsakanin matasa. A 2008 kuma Dakta Rosa Gil ta ƙungiyar Comunilife ta buɗe shirin Life is Precious a Bronx don 'yan matan Latino masu wannan haɗarin, daga baya ya bazu zuwa Brooklyn da Queens. Bayan an tashi daga makaranta yarinya ta je can, a taimaka mata da aikin gida, ta yi zane ko kiɗa, ta ci abinci da 'yan'uwanta masu irin damuwarta, ma'aikata kuma su bi uwar da abin da ke damun gidan, ko haya ne ko takardu. Masu bincike daga jami'ar Columbia sun bi 'yan matan shirin, suka ga tunanin kashe kai yana raguwa a tsawon zamansu. Binciken bai kwatanta su da wasu 'yan matan da ba sa cikin shirin ba, saboda haka hujjarsa ba ta kai ta gwaji cikakke ba. Wannan dalili ne na ku ba da kuɗin yin cikakken gwajin, tunda shirin a hannunku yake.

Misalin da na fi so ku duba daga Miami yake. A jami'ar Miami, Hilda Pantin da Guillermo Prado suka gina shirin Familias Unidas, kuma asalinsa ba don kashe kai aka yi shi ba, don kare matasa daga shaye-shaye da cutar ƙanjamau ne. Yawancin zaman ma ba da yaran ake yi ba. Iyaye ne ke haɗuwa rukuni-rukuni sau takwas, suna tattaunawa da Sifaniyanci, wani ya zama ɗa wani ya zama uba, su gwada yadda za su buɗe magana mai nauyi ba tare da tsawa ba. Sannan a yi zama huɗu da kowane iyali, uwa ko uba ya yi maganar da ɗansa da gaske, ma'aikaci na gefe yana dafa masa. A wani gwaji da ɗalibai 746 'yan aji takwas, ma'aikatan makarantun gwamnati ne da kansu suka gudanar da shi bayan an horar da su. Da aka duba batun kashe kai a rahoton 2016, ba a ga bambanci ba idan aka haɗa yaran gaba ɗaya. Amma a gidajen da magana ta riga ta mutu tsakanin iyaye da ɗa tun kafin a fara, yunƙurin ya ragu. Wato shirin ya yi aiki a daidai gidajen da Zayas ya nuna mana da yatsa. Kuma abin da ma'aikacin makaranta a Miami ya iya, na Bronx ma zai iya, idan an horar da shi aka kuma biya shi awannin yamma.

Na san kun yi ƙoƙari. A Nuwamban 2023 birnin ya buɗe Teenspace tare da kamfanin Talkspace, inda ɗan shekara 13 zuwa 17 zai samu mai ba shi shawara ta waya kyauta. Yaron da ba zai taɓa taka ofishin likita ba yana iya rubuta saƙo daga kan gadonsa, wannan alheri ne. Sai dai rabon iyaye a ciki bai wuce ba da izini ba. Yarinya ta gama magana da mai shawararta, ta ajiye waya, ta fito falo ta tarar da rigimar jiya tana nan inda ta bar ta. An koya mata sunan abin da ke damunta da Turanci, uwarta kuma ba a koya mata komai ba, sai tazarar ta ƙara faɗi. Ku bar shirin ya ci gaba, amma ku yi masa ƙofa ta biyu da iyaye za su shiga.

Kuma ba za su shigo ba sai an cire musu tsoro. A Janairun 2025 gwamnatin tarayya ta soke tsarin da tun 2011 yake taka wa jami'an shige da fice birki a makarantu da asibitoci da wuraren ibada. Wannan ba a hannunku yake ba. Amma akwai abin da ke hannunku. Umarnin magajin gari mai lamba 41 na 2003 ya hana ma'aikatan birni bankaɗa matsayin takardun mai neman taimako, in ban da wasu keɓaɓɓun dalilai. Hukuncin Kotun Ƙoli na 1982 a shari'ar Plyler ya ba kowane yaro haƙƙin shiga makaranta ko da takardu ko babu. Inshorar Child Health Plus tana karɓar yaran jihar nan ba tare da duba takardun zama ba, NYC Care kuma tun 2019 yake karɓar manyan da ba su da inshora. Uwar da ke aiki awa goma sha biyu ba ta san waɗannan ba, abin da ta sani shi ne jita-jitar WhatsApp. Saboda haka a fara kowane zama da faɗin su da baki, da harshenta, kafin a tambaye ta ko da sunanta. Haka ma tsoron hukumar kula da yara. A bayyana wa iyaye dalla-dalla abin da doka ta tilasta wa ma'aikaci ya kai rahoto a kai, da abin da bai kai nan ba, su san cewa kai ɗa asibiti don yana cikin damuwa ba laifi ba ne. Ina kuma roƙon kada a sake maimaita irin dokar kwana 60 da aka fara aiwatarwa a kan iyalai a matsugunan baƙi a Janairun 2024, wadda ta sa iyali su bar matsuguni bayan kwana 60 su sake neman wuri. Yaron da ya fara sakin jiki da wata malama, a ɗauke shi zuwa wani gefen gari da kayansa a leda, an tsinke masa igiyar da yake riƙe da ita.

Abin da ake buƙatar koya wa iyaye ba shi da yawa, kuma ba sai mai digiri ba. Na farko, su tambaya kai tsaye: “Kina tunanin kashe kanki?” Kusan kowace uwa tana tsoron cewa tambayar ce za ta saka wa yaro tunanin. Madelyn Gould ta jami'ar Columbia ta gwada wannan da ɗalibai fiye da 2,300 a makarantun sakandare shida na jihar nan, ta wallafa a 2005: tambayar ba ta ƙara wa kowa tunanin ba, waɗanda ke cikin damuwa ma sun fi samun sauƙi da aka tambaye su. A faɗa wa iyaye wannan ƙarara. Sai abin da za su yi idan amsar ta zama e: kada a yi faɗa, kada a kawo lissafin wahalar da aka sha, kada a ce zunubi ne a daren, a zauna kusa da shi a saurara, kada a bar shi shi kaɗai. Sannan a kulle magunguna, har waɗanda ake saya ba da takardar likita ba, in akwai bindiga a fitar da ita daga gidan. Tsananin yakan zo ne ya wuce cikin ɗan lokaci, kuma abin da ke kusa da hannu a wannan lokacin shi ke raba rai da mutuwa. Akwatin ƙarfe mai makulli bai kai kuɗin kwana ɗaya a asibiti ba, ku raba shi kyauta ga duk iyalin da za a sallama. Takardar tsare kai da Barbara Stanley da Gregory Brown suka tsara, wadda yaro ke rubuta alamomin da yake ji idan abin ya taso da mutanen da zai kira, a cika ta tare da iyaye, a ba su kwafi da harshensu. Lambar 988 kuma, layin wayar gaggawa na masu tunanin kashe kai da ya fara aiki a Yulin 2022, a nuna musu cewa idan sun danna 2 da Sifaniyanci za a amsa, kuma uwa ma tana iya kira a kan ɗanta.

Kada a manta da iyaye maza. Yawancin tarukan makaranta da rana ake sa su, uba kuwa idan ya bar aiki ranar babu kuɗi. Sai a rubuta cewa bai damu ba. Ku sa zama da daddare ko ranar Lahadi bayan coci, a tanadi abinci da mai kula da ƙananan yara da katin jirgi, ku ga ko ba za su zo ba. Kuma waɗanda za su kira su su zama nasu: matan nan da ake kira promotoras, masu bin gida-gida da bayanin lafiya, da limaman coci, da iyayen da suka riga suka bi ta wannan hanyar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A biya su albashi na gaske, a daina ɗaukar aikinsu a matsayin taimakon sa kai.

Akwai gidan da shi kansa ne ciwon. Akwai yarinyar da wanda ke cutar da ita yana kwana a gidan, akwai yaron da ake duka. Ban ce a tura irin waɗannan cikin zaman sulhu ba, Allah ya kiyaye. Dole a fara ganin kowane yaro shi kaɗai, a tambaye shi ko yana cikin aminci, a bar shi ya nuna babban da ya yarda da shi, ko inna ce, ko kaka, ko uwar baftisma. Iyali a wurin mutanen nan ya fi uwa da uba faɗi. Amma kada tsoron waɗannan gidajen ya sa a rufe ƙofa ga dubban iyayen da laifinsu kawai shi ne ba su san abin da za su ce ba.

Mu 'yan Afirka ta Yamma da ke Bronx, Hausawan Gana da na Nijar da na Najeriya da sauran 'yan'uwa, muna kallon wannan da idon wanda abin ya shafa. Mu ma 'ya'yanmu ne tafintocinmu. Mu ma mukan fifita rufin asiri a kan neman taimako, mukan ce wa yaro ya yi haƙuri ya ƙara addu'a mu wuce. Dokar birni ta 30 ta 2017 ta lissafa harsuna goma da hukumomi za su riƙa fassara takardu da su, akwai Faransanci da Larabci, babu Hausa. Ranar da za mu zo da tamu buƙatar tana nan tafe. Amma hujjar da ke ƙasa yau a kan iyalan Latino aka tara ta, su suka fi yawa, su suka fi daɗewa suna jira, kuma hanyar da aka share musu ita za mu bi.

Sabuwar shekarar kuɗin birni tana farawa ne ranar 1 ga Yuli. Ƙungiyoyin da ke wannan aikin da yawansu kuɗin shekara guda ake ba su, kowace bazara suna zullumin ko za a sabunta, ƙwararrun ma'aikata masu harshe biyu kuma suna barin su zuwa inda albashi ya tabbata. Iyalin da suka sha wuya kafin su yarda da mutum ɗaya, sai su koma su tarar da baƙuwar fuska. Ku mai da kwangilolin na shekaru da dama. Ku horar da ma'aikatan walwala na makarantun Bronx da Queens da arewacin Manhattan su gudanar da rukunin iyaye irin na Miami. Ku sa asibitocin birni kada su sallami matashin da ya yi yunƙurin sai an zauna da babban da zai koma gida da shi, da tafinta na gaske, an kuma sa musu ranar ganin likita a cikin kwana bakwai, wani ya kira washegari ya ji yadda aka kwana. Sannan duk shekara ku wallafa mana alƙaluma biyu, unguwa-unguwa, harshe-harshe: matasa nawa aka zauna da iyayensu kafin sallama, kuma nawa ne suka samu ganin likita a cikin makon. Za mu zo zaman sauraron jama'a na kasafin kuɗi, mu da maƙwabtanmu, mu tambaye ku su.

Na gode da sauraro. Allah ya yi muku jagora.

Taku,
Wata uwa mazauniyar Bronx